Dakta Andrew Stirrett: Bature Mai Magani da waƙoƙin majami'un Arewa

A watan Yulin 1948 Dakta Andrew Park Stirrett ya rasu a Jos yana da shekara 82, bayan ya shafe kusan shekara 46 yana aikin mishan a Arewacin Najeriya. Bai taɓa aure ba, kuma bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne hannunsa a cikin littattafai biyu da har yau ake buɗewa kowace Lahadi, daga Jos zuwa Kagoro, har majami'un Karu da Nyanya inda ma'aikata ke halartar sujadar Hausa: Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi.

An haife shi a 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Mai harhaɗa magunguna ne, yana da kasuwancinsa a Toronto, ya kuma karanci likitanci. Wata 'yar ƙasida da Rowland Bingham ya rubuta kan ƙasar Sudan, sunan da Turawa ke kiran wannan yanki da shi a wancan zamani, ita ta sauya masa alƙibla. Ya rabu da abin da ya mallaka, ya miƙa wa mishan ɗin SIM, ya iso Pategi a bakin kogin Neja a 1902. Tafiya ce ta kasada, domin abokan Bingham biyu da suka zo tare a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent, duk sun mutu cikin shekara guda. Stirrett ya tsaya kai da fata cewa kowane ɗan mishan ya riƙa shan kwinin kullum, mace-macen zazzaɓi suka ragu. Jama'a kuwa suka laƙaba masa Bature Mai Magani.

Sai dai zuciyarsa na ga Hausawa da harshensu. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, saboda haka Jos, garin kuza da ya tara fatake da 'yan ƙwadago daga ko'ina, ta zama inda zai sami masu jin Hausa ba tare da shamaki ba. A kasuwarta ya riƙa tsayawa yana wa'azi har tsufa ya cim masa. Yana cikin kwamitin da ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki tare da Dakta Walter Miller na CMS a Zariya, aikin da ya fito a 1932. Ya kuma rubuta waƙoƙin yabo da dama da Hausa.

Wannan aiki na biyu ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Mai fassara zube yana da sarari, zai iya ƙara kalma don ma'ana ta fito. Mai fassara waƙa kuwa an riga an ɗaure masa hannu, domin karin da aka ɗauko daga Ingila ko Amurka ya ƙayyade yawan gaɓoɓin kowane layi da inda murya za ta hau ko ta sauka. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere. Kalmar kuka, idan murya ta sauka a ƙarshenta itaciya ce, idan ta tsaya a sama hawaye ne. Baƙon kari bai san da wannan ba. Dole marubuci ya yi ta sauya kalma har ya dace da wadda za ta zauna a kan karin ba tare da ma'ana ta karkace ba, kuma ba kullum ake dacewa ba. Wanda kunnensa ya saba da ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa zai ji inda wasu layuka ke ɗingishi. Duk da haka sun shiga bakin jama'a, sun zauna.

Hausawan da Stirrett ya yi wa wannan wahala kaɗan ne daga cikinsu suka bi addininsa. Waɗanda suka rungumi waƙoƙin su ne Birom da Irigwe da Angas da Tangale da Bajju da sauran al'ummomin da Hausa ba harshen gidansu ba ne. Mutumin Miango da na Kaltungo ba sa jin yaren juna, amma idan aka kira lambar waƙa sai su tashi su rera tare. Ta haka Hausa ta zama harshen sujada a yawancin majami'un Filato da kudancin Kaduna da Gombe, al'amarin da wasu ke kallo da godiya, wasu kuma ke ganin ya danne harsunan iyayensu.

Ya kamata a faɗa cewa babu Baturen da ya iya wannan aiki shi kaɗai. Akwai malamai da masu bishara 'yan ƙasa da suka gyara lafazi, suka koya wa ƙauyuka karin da baki, tun kafin yawancin mutane su iya karatu. Sunayensu ba su yi tashe kamar nasa ba.

Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1954, majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, wadda hedkwatarta ke Jos. Daga baya ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka shiga tsara nasu waƙoƙin da karin gargajiya, da ganga da tulu da caki, inda sautin kalma da na waƙa ke tafiya tare. A sujadar Hausa ta yau ana rera iri biyun, na littafi da na mata.