Elie Metchnikoff, masanin da ya sa ido a kan ƙwayoyin hanji

A filinmu na tarihi yau mun kawo muku Elie Metchnikoff, wanda aka haifa a shekara ta 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Karkif, cikin ƙasar Ukren ta yanzu.

A 1882, yana Messina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin wata ƴar halittar teku. Kashegari ya tarar wasu ƙwayoyin jikinta sun yanyame ƙayar. Ta nan ya gano cewa jiki yana da dakarun da ke haɗiye ƙwayoyin cuta. A 1888 ya koma Cibiyar Pasteur a Paris, kuma a 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich na Jamus.

Da girma ya zo, sai ya maida hankali kan ƙwayoyin da ke zaune cikin babban hanji. A ganinsa, gubar da suke fitarwa ita ke tsufar da mutum. Ya ji labarin manoman Bulgeriya masu shan nono da tsawon rai, shi ma ya riƙa sha kullum. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1916, yana da shekara 71.

Nono bai hana tsufa ba, amma zancen gubar hanji yana da gaskiya. Jinin da ya taso daga hanji hanta yake fara bi, ita ke tace shi. In hanta ta ƙandare, saboda ciwon hanta nau'in B ko giya, sai gubar amoniya da ƙwayoyin ke samarwa ta wuce har ƙwaƙwalwa. Ɗan kasuwa ya fara barci da rana, ido biyu da dare, hannu na karkarwa, lissafin cefa da naira yana rikice masa. Ƙwayoyin kan kuma ratsa hanji su shiga ruwan da ya taru a ciki.

Likitoci a yau suna ba da maganin lactulose don rage gubar tun daga hanji. Kindirmo abinci ne mai kyau, amma ba ya warkar da hanta. Wanda idonsa ya yi ɗorawa, ko cikinsa ya kumbura, a kai shi asibiti da wuri. Mu kuma masu lafiya mu je a auna jininmu, a yi wa yaranmu rigakafi.