Eddie Eagan

Edward Patrick Francis Eagan (26 ga Afrilu, 1897 – 14 ga Yuni, 1967) ɗan dambe ne, ɗan tseren keken ƙanƙara, lauya kuma hafsan soja daga ƙasar Amurka. Shi ne mutum na farko da ya ci lambar zinare a wasanni biyu mabambanta, ɗaya a gasar Olympics ta lokacin zafi, ɗaya a ta lokacin hunturu.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Denver, jihar Colorado, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa tun yana jariri, mahaifiyarsa ce ta rene shi. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, ya fara karatun lauya a Harvard, sannan ya samu tallafin karatu na Rhodes zuwa Jami'ar Oxford da ke Ingila.

Dambe

A shekarar 1920 ya wakilci Amurka a gasar Olympics ta Antwerp, ƙasar Beljiyam, a ajin da ke bin na masu nauyi. Ya doke Sverre Sørsdal na Norway a karon ƙarshe, ya karɓi zinare. A 1923 ya zama zakaran masu nauyi na Birtaniya a damben da ba na sana'a ba. A gasar Paris ta 1924 kuwa, an fitar da shi tun a zagayen farko. Bai taɓa mayar da dambe sana'a ba.

Tseren keken ƙanƙara

Wasan, wanda ake kira bobsiled, ana yin sa ne da keke mai ƙarafa a ƙasa a maimakon tayoyi, wanda ke gangarowa da gudu a kan hanyar ƙanƙara mai kwana-kwana, kuma lokaci ne ke raba gardama. Eagan ya fara shi makonni kaɗan kafin gasar Lake Placid ta 1932. Ya shiga keken mutum huɗu tare da Jay O'Brien da Clifford Gray, Billy Fiske na tuƙi, suka zo na ɗaya.

Kafin shi, Gillis Grafström na Sweden ya ci zinare a gasannin biyu, amma a wasa ɗaya ne, wato rawar kan ƙanƙara.

Aiki da mutuwa

Ya fara aikin lauya a 1932, ya kuma yi aikin lauyan gwamnatin tarayya a New York. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da rundunar sojan sama, ya kai muƙamin kanar. Daga 1945 zuwa 1951 ya shugabanci hukumar wasanni ta jihar New York, mai kula da harkar dambe. Ya mutu a New York sakamakon ciwon zuciya yana da shekara 70.

Tunawa da shi

A 1983 an sanya sunansa cikin rukunin farko na gwarzayen Olympics na Amurka, a 1990 kuma aka buga hotonsa a kan sarki. A Najeriya, Seun Adigun ta bi irin wannan hanya: ta yi tseren tsallake shinge a London a 2012, sannan ta tuƙa keken ƙanƙarar Najeriya a Koriya ta Kudu a 2018.