Michael Imoudu: Leburan Reluwe Da Ya Tsai Da Ƙasa Cik

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya sami ƙarin albashi bayan ƙungiyarsa ta zauna da hukuma, ya kamata ya san an yi zamanin da ba a irin wannan zama a ƙasar nan. Cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa kuwa, marigayi Michael Imoudu yana sahun gaba.

An haife shi cikin 1902 a ƙasar Ora, cikin Jihar Edo ta yanzu, mahaifinsa kuwa soja ne. Da ya tasa sai ya nufi Ikko neman abinci. Ya taɓa aiki a Gidan Waya, kana ya shiga Reluwe, inda ya koyi aikin ƙarfe a babbar ma'aikatar Ebute Metta.

Tun 1912 akwai ƙungiyar ma'aikatan gwamnati, amma ta akawuna ce, kuma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne rubuta wa Turawa takardun koke cikin ladabi. Lebura da makaniki ba su da bakin magana. Da aka kafa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1938, Ƙungiyar Ma'aikatan Reluwe ce ta fara yin rajista, cikin Janairu 1940, Imoudu yana shugabanta.

Ba a jima ba ya nuna nasa salon dabam ne. A 1941 hukumar Reluwe ta fito da tsarin biyan ma'aikata bisa lissafin awa, abin da zai zaftare musu kuɗi. Maimakon takarda, sai Imoudu ya ja dubban ma'aikata a ƙasa har gidan Gwamna Bourdillon, aka kuwa soke tsarin. A 1942 kuma, sa'ad da yaƙin Hitila ya jawo tsadar kaya, gwamnati ta yarda ta biya alawus na tsadar rayuwa.

Wannan nasara ba ta zo masa a banza ba. Cikin Janairu 1943 aka kore shi daga aiki, aka tsare shi bisa dokar yaƙi, aka kai shi Auchi. Sai a 1945 aka sake shi, ya komo Ikko cikin watan Yuni, jama'a suka yi masa gagarumar tarba.

Ya tarar ma'aikata na neman ƙarin alawus, gwamnati ta ƙi. Waɗansu shugabannin ƙwadago suka nemi a jinkirta, shi kuwa ya ƙi amincewa, ma'aikata suka bi bayansa. Ran 22 ga Yuni 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari na farko a Nijeriya. Jiragen ƙasa suka tsaya, waya ta ɗauke, har kwana 44 a Ikko, a waɗansu larduna ma ya fi haka. Daga bisani Hukumar Tudor Davies ta bincika, ta ba ma'aikata gaskiya, aka ƙara alawus ɗin a 1946.

Samun mulkin kai bai sa ya saki layi ba. Yana cikin jagororin yajin aikin Yuni 1964, wanda aka yi saboda jan ƙafar gwamnati kan rahoton Hukumar Morgan game da albashi. Sai dai rarrabuwar kawuna ta daɗe tana cin ƙungiyoyin ƙwadago, shi kansa bai kuɓuta daga waɗannan rigingimu ba. A 1977, bayan binciken Mai Shari'a Adebiyi, gwamnatin soja ta hana shi da waɗansu shugabanni sake shiga harkar ƙwadago.

Daga nan ya koma siyasa, ya zama mataimakin Malam Aminu Kano a jam'iyyar PRP. Da jam'iyyar ta dare biyu, shi ya shugabanci ɓangaren gwamnonin Kano da Kaduna, watau Abubakar Rimi da Balarabe Musa.

Ya rasu a 2005 yana da shekara fiye da 100. Cibiyar nazarin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin sunansa take ɗauke da shi. Amma babban gadonsa shi ne teburin sasantawa, inda ƙaramin ma'aikaci ke zama da hukuma ido da ido.