NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, UWAR 'YAN TARU

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin 1793, ita da tagwaicinta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, saboda haka tun tana ƙarama ta ga yunwa da gudun hijira da idonta. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da ƙurar jihadi ta lafa, sai ƙauyuka suka cika da marayu da matan da mazansu suka mutu, ga bayin da aka kamo a yaƙi, galibinsu ba su san maganin damuwa ba sai bori. Asma'u ta lura cewa hani kaɗai ba ya raba mutum da abin da ya dogara a kai, sai an ba shi madadi.

To, shi ne ta kafa 'Yan Taru. Daga ƙauyuka takan zaɓi dattijuwa mai hankali, ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle. Malfar nan kuwa dā alamar Innar Gobir ce, shugabar masu bori, sai ga ta a kan masu koyar da addini. Jaji ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata, su tako da ƙafa har wurin Asma'u, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan aure a gidajensu.

Aikin bai tsaya kan karatu ba. 'Yan Taru su ne masu jiyyar marar lafiya, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sasanta masu husuma. Hatsi da zuma da man shanu da suke kawowa sadaka, akan raba wa mabukata. A wurinta duk wannan ibada ce. Cikin 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Mai karatu da ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Agege ya san halin baƙon da ciwo ya kayar nesa da dangi. Asma'u ba ta jira baitulmali ba, mata ta tara, ta ba kowace aikinta. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.