Julius Petersen: Yaron kanti da ya kafa harsashin lissafin ɗigogi da layuka

An haifi Julius Petersen ranar 16 ga Yuni, 1839 a garin Sorø na ƙasar Denmak. Rashin abin hannu ya sa ya bar makaranta yana matashi, ya koma aiki a kantin wani ɗan uwan iyayensa a garin Kolding. Bayan rasuwar mai kantin, ɗan gadon da ya bar masa ne ya ba shi damar komawa karatu a birnin Kopenhagen. Ya shafe fiye da shekara goma yana koyarwa a makaranta kafin ya samu digirin digirgir a 1871, sannan ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Kopenhagen a 1887.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa ya fito a 1891 a mujallar Acta Mathematica, kan zanen da ake yi da ɗigogi da layukan da ke sada su. A ɗauki kowane ɗigo a matsayin ma'aikaci, kowane layi kuma alamar cewa mutum biyu za su iya aiki tare. Shin za a iya raba su bibbiyu ba tare da an bar kowa shi kaɗai ba? Petersen ya tabbatar da cewa hakan na yiwuwa muddin layuka uku-uku ne ke haɗuwa a kowane ɗigo, kuma babu wani layi guda da cire shi zai raba zanen gida biyu.

A 1898 ya sake tsoma baki kan wata magana ta masanin Sikotland, Peter Guthrie Tait, wanda ya ɗauka cewa duk irin wannan zane ana iya shafa wa layukansa launi uku, ba tare da layuka biyu masu launi ɗaya sun haɗu a ɗigo guda ba. Petersen ya kawo zane mai ɗigo 10 da layi 15 wanda ya cika sharuɗɗan, amma launi uku ba sa isar sa. Wannan zane ba ya shimfiɗuwa a kan takarda sai layukansa sun gitta juna. Ga zanen da ke shimfiɗuwa kuwa, maganar Tait gaskiya ce, domin daidai take da ƙa'idar cewa launi huɗu sun ishi kowace taswira, wadda Kenneth Appel da Wolfgang Haken suka tabbatar da taimakon kwamfuta a 1976.

Petersen ya rasu a Kopenhagen ranar 5 ga Agusta, 1910, tun kafin wannan fanni ya samu littafin koyarwa na kansa, wanda Dénes Kőnig ɗan ƙasar Hungari ya wallafa a 1936. Har yau zanen mai ɗigo goma yana ɗauke da sunansa, kuma masana kan gwada sabon hasashe a kansa kafin su ɓata lokaci wajen neman hujja.