Percy Bridgman: Baturen da ya daskarar da zaiba da matsi

Maƙeranmu na Hajj Yusuf da Omdurman sun san wuta ce ke narkar da ƙarfe. Amma idan aka danne ƙarfen da matsi mai tsanani fa? Wannan tambaya ce marigayi Percy Bridgman ya ƙare rayuwarsa a kanta.

An haife shi ranar 21 ga Afrilu, 1882 a jihar Massachusetts ta Amurka. Ya shiga Jami'ar Harvard a 1900, kuma a can ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Kafin zuwansa, masana ba sa wuce matsin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau 3,000, domin daga nan sai na'urar ta fara yoyo. Shi kuwa sai ya ƙera wani matoshi wanda duk lokacin da matsi ya ƙaru, shi ma ƙara kamewa yake yi. Da wannan 'yar dabara ya haura ninki 10,000, daga baya da wasu na'urorin ya wuce 100,000. Yawancin aikin da hannunsa ya yi shi, kusan a ce maƙeri ne mai digiri.

Gwajinsa ya nuna cewa galibin ƙarafa, idan aka matse su, sai an ƙara musu zafi kafin su narke. Mu ɗauki zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke saye a kasuwanninmu. Ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifiri, amma Bridgman ya daskarar da ita a sifiri da matsi ninki kusan 7,500. Dalilin ke nan da ƙarfen da ke can tsakiyar duniya yake a sandare duk da zafin da ya haura digiri 5,000.

Ya samu kyautar Nobel a 1946. Burinsa na haɗa lu'ulu'u dai bai cika ba, sai a 1954 masanan kamfanin General Electric suka yi nasara. Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya kashe kansa ranar 20 ga Agusta, 1961.

A 2014 aka sa wa ma'adinin da ya fi yawa a cikin ƙasa sunansa, wato bridgmanite. An same shi ne a jikin wani dutse da ya faɗo Ostireliya a 1879, wanda bugun wani karo a sararin samaniya ya matse shi farat ɗaya.