William Herschel, Makaɗin da Ya Gano Duniyar Uranus a Bayan Gidansa

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani mutum wanda kiɗa ne sana'arsa, bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma shi ne ya fara gano sabuwar duniya da madubin hangen nesa.

An haifi William Herschel ran 15 ga Nuwamba 1738 a birnin Hanover na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan badujala ne, yana busa wani abu mai kama da algaita, shi ma William ya bi sahunsa tun yana yaro. A 1757 sojojin Faransa suka auka wa ƙasarsu, sai ya ƙetara Ingila ba shi da komai sai sana'ar hannunsa. Ya yi ta koyar da kiɗa daga wannan gari zuwa wancan, har a 1766 ya sami aiki a garin Bath ya zauna. A 1772 ya ɗauko ƙanwarsa Caroline ta zo tana taya shi.

Sai da ya doshi shekara 35 sannan sha'awar taurari ta kama shi, ta hanyar littattafan da yake karantawa da dare bayan ya gama koyarwa. Ya yi hayar ƙaramin madubin hangen nesa, bai gamsar da shi ba, babba kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. To, sai ya ƙudura zai ƙera nasa. A zamanin, da ƙarfe ake yin madubin: a narka jan ƙarfe da kuza, a zuba, a yi ta gogewa har ya ɗan lotsa kamar faranti, yadda zai tattara hasken tauraro wuri ɗaya. Gidansu ya koma maƙera, har da kashin doki suke dakawa su yi mazubin ƙarfen. Akwai ranar da ya yi awa 16 yana goge madubi bai ɗaga hannu ba, don in ya tsaya aikin zai ɓaci, Caroline ce ke sa masa loma a baki. Wata rana kuma narkakken ƙarfe ya kwarare a ƙasa, duwatsun daɓe suka yi ta fashewa, da kyar suka tsira.

Da ya sami madubi mai kyau, sai ya ɗora wa kansa aikin bin taurari ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowanne yana rubutawa. Ran Talata 13 ga Maris 1781, yana lambun bayan gidansa da madubi mai tsawon ƙafa 7, sai ya ga wani haske da bai yi kama da sauran ba. Shi tauraro, saboda nisansa, komai ƙarfin madubi ɗigo ne kawai. Wannan kuwa da ya ƙara ƙarfin madubi sai ya ƙara girma. Bayan kwana huɗu ya sake dubawa, ya tarar ya gusa daga inda yake. Da farko ya zaci tauraro mai wutsiya ne. Da masana lissafi suka auna tafiyarsa, sai ta tabbata duniya ce mai kewaya rana, nisanta daga rana ya kusa ninki biyu na Zuhal. Tun zamanin da, duniyoyi biyar mutane suka sani a sama: Uɗarid, Zara, Mirrih, Mushtari da Zuhal. Ga ta shida, wadda aka sa wa suna Uranus.

Ku lura da wani abu, ɗalibai. Tun 1690 masanin taurari John Flamsteed ya ga wannan haske, ya rubuta shi a cikin taurari ya wuce. Herschel ya gane baƙo ne domin ya daɗe yana kallon 'yan gida.

A 1782 Sarki Joji na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya rungumi taurari gaba ɗaya. Daga nan ya juya kan gungun taurari. Kun san kaza da 'ya'yanta, wadda ido ke ganin taurari shida ko bakwai a cikinta, alhali sun fi dubu. Irin waɗannan gungu suna da yawa, wasu saboda nisa sai a gan su kamar ɗan hazo. Herschel yana saman tsani da madubi mai ƙafa 20 yana faɗar abin da ya gani, Caroline na zaune da fitila tana rubutawa, cikin sanyin da har tawada ke daskarewa. Daren ƙarshe na 1783 ta faɗa kan ƙugiyar ƙarfe da ƙanƙara ta rufe, ta ji mummunan rauni a ƙafa, amma da ta warke ta koma bakin aiki. Zuwa 1802 sun rubuta gungun taurari da hazo-hazon sama har 2,500. Ita kanta Caroline ta gano taurari masu wutsiya guda takwas.

Herschel ya rasu ran 25 ga Agusta 1822 a garin Slough, yana da shekara 83. Uranus kuwa shekara 84 take yi kafin ta kewaya rana sau ɗaya. Gidan nan na Bath yanzu gidan tarihi ne.

Saboda haka kada wani ya ce ya yi latti da neman ilmi, ko ba shi da kayan aiki. In lokacin sanyi ya zo, ku sami daren da babu farin wata kuma babu hazo, ku fita tsakar gida bayan isha, ku nemi kaza da 'ya'yanta. Ku ƙirga abin da kuka gani, ku rubuta a littafi tare da kwanan wata. Sai dai kul, kada a taɓa kallon rana da madubi, yana makantar da ido.